Kaurin Tawada Ba Ma'aunin Hali Ba Ne

 

Yau zancenmu a kan layi ne, layin da hannun ɗan Adam yake ja, ko da burushi a kan ƙyalle, ko da alƙalami a kan takarda. Musamman layi mai kauri, wanda ya sha fenti ko tawada har ya ƙoshi. Akwai jama'a biyu da suka daɗe suna zuba wa irin wannan layi ido. Na farko su ne masu zane da masu nazarin zane. Na biyu su ne masu cewa suna iya karanta halin mutum daga rubutun hannunsa. Zan faɗi matsayina tun yanzu. Na farko suna da abin da za su koya mana. Na biyu kuwa suna ɗora wa layi kayan da ba zai iya ɗauka ba, kuma a kan bayin Allah kayan yake faɗowa.

Mu fara da zane. Fentin mai, wanda masu zane na Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da shi, garin launi ne ake niƙawa a kwaɓa da mai. Mai zane yana da zaɓi biyu. Yana iya tsinka fentin ya riƙa shafawa kaɗan-kaɗan, shafi a kan shafi, har fuskar zanen ta yi sumul, ba a ganin sawun burushi ko ɗaya. Yana kuma iya barinsa da kaurinsa, ya ɗebo da yawa ya ɗora, ya bar shi tsaye a kan ƙyallen da tudu da kwari. Wannan na biyu shi Italiyawa suke kira impasto, kuma amfaninsa yana ga haske. Fentin da ya yi tudu yana tare haske ta gefe guda, ya jefa 'yar inuwa ta ɗaya gefen, sai abin da aka zana ya taso kamar za a taɓa shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa da hantsi a gaban tsohon gida a birnin Zariya ko Kano, ya ga yadda adon da magina suka tayar a jikin bango yake fitowa sarai idan rana ta bugo shi ta gefe, to ya riga ya fahimci dabarar.

A ƙasar Holan an yi wani gwani mai suna Rembrandt, wanda aka haifa a 1606 ya rasu a 1669. A gidan adana kayan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam akwai wani zane da ya yi a shekarunsa na ƙarshe, wanda aka fi sani da Amarya Bayahudiya. Mutum ne da mace a tsaye, ita cikin jar riga, shi kuma ya ɗora hannunsa a kan ƙirjinta. Idan ka tsaya nesa, hannun rigar mutumin yana walƙiya kamar an saƙa shi da zaren zinariya. Idan ka matso kusa, babu zinariya ko ƙwaya ɗaya. Dunƙulen fenti ne ruwan ɗorawa da fari da ruwan ƙasa, an ɗora wani a kan wani, wani wurin an danna da bakin wuƙa, wani wurin an kankare, wani wurin an bar shi ya yi ƙuraje. Hasken ɗakin ne yake faɗawa a kan waɗannan ƙuraje ya haifar da walƙiyar. Wani marubuci ɗan ƙasarsu, Arnold Houbraken, ya ba da labarin cewa akwai hoton da Rembrandt ya yi wa fenti mai kauri har ana iya kama hancin wanda aka zana a ɗaga hoton daga ƙasa.

Ga abin da nake so mu lura da shi. A cikin zane guda, Rembrandt yakan kauraro fenti a inda haske ya faɗa, ya tsinka shi a cikin inuwa har wani lokaci ana hango shafin ƙasa. Hannu ɗaya ne, mutum ɗaya ne, amma layinsa nan kauri, can siriri, gwargwadon abin da aikin yake buƙata. Kuma a ƙuruciyarsa, lokacin yana garinsu Leiden, aikinsa ya fi sumul da yawan ƙananan bayanai. Da ya manyanta ne ya koma ga wannan salo mai kaushi. Har kwaɓin fentin ma da ilimi ya yi shi. A 2019 wasu masana kimiyya sun bincika ƙananan ɓarɓashin fentinsa a wata cibiyar bincike da ke Grenoble ta Faransa, suka gano wani sinadarin dalma da ba a saba gani ba a zane-zanen wancan zamani, alamar cewa yana da hanyarsa ta musamman ta haɗa farin fenti don ya tsaya bai zube ba.

A 1841 wani mai zane Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun kuza da ake zuba fenti a ciki a riƙa matsowa. Kafin nan a mafitsarar alade ake adana fenti, kuma da an huda ta sai ya fara bushewa. Bututun ya sauƙaƙa wa mai zane ya ɗauki launukansa ya fita gona ko bakin kogi, ya matso yadda yake so. Wanda ya fi kowa shahara da cin moriyar wannan shi ne Vincent van Gogh, shi ma ɗan Holan, wanda aka haifa a 1853 ya rasu a 1890 yana da shekara 37. Zanensa na Daren Taurari, wanda ya yi a watan Yunin 1889 kuma yanzu yake birnin New York, sama ce da aka murɗa da gajerun layuka masu kauri, shuɗi da fari da ruwan ɗorawa, kowane layi ana ganin inda burushi ya sauka da inda ya tashi.

Da yake Van Gogh ya yi fama da taɓin hankali, har ya yanke kunnensa a ƙarshen 1888, kuma a asibitin masu irin wannan larura na Saint-Rémy ya yi wancan zane, mutane da yawa sukan dubi kaurin fentinsa su ce ai ga haukan nan a fili. Wannan hukunci bai yi masa adalci ba. Ya bar wasiƙu fiye da 800, mafi yawansu zuwa ga ƙaninsa Theo wanda yake aika masa kuɗi da fenti daga Paris. A cikinsu yana bayyana launin da zai sa kusa da wane launi da dalilin haka, yana haɗawa da ƙananan zane-zane na gwaji. Ya kuma nuna ƙaunarsa ga aikin Adolphe Monticelli, wani mai zane na Marseille da ya riga shi amfani da fenti mai kauri. Idan ciwon ya taso masa, aikin ma gagararsa yake yi, sai ya samu sauƙi yake komawa gaban ƙyalle. Wato layukan nan da ake jingina wa ciwo, a lokacin lafiya aka ja su, da nazari da niyya.

A nan nahiyarmu ma akwai misali. Ablade Glover na Gana, wanda aka haifa a Accra a 1934 kuma ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Kumasi, da wuƙar fenti yake aikinsa. Yana zana kasuwa da tashar mota da cincirindon jama'a. Daga kusa dunƙule-dunƙulen launi kawai za ka gani, ka ja da baya kaɗan sai mata masu talla da rumfuna da rufin kwano su bayyana. Ya zaɓi kauri ne saboda shi ya dace da cunkoson da yake son nunawa.

To masu sauraro, mu juya ga rubutu. Tunanin cewa rubutun mutum yana tona halinsa ya daɗe a Turai. A 1622 wani likita ɗan Italiya, Camillo Baldi, ya wallafa ɗan littafi a kan haka. A wajen 1871 wani limamin coci Bafaranshe, Jean-Hippolyte Michon, ya tsara abin ya raɗa masa suna girafoloji, ya ware wa kowace siffar harafi halin da take nunawa. Bayansa Jules Crépieux-Jamin a Faransa da Ludwig Klages a Jamus suka faɗaɗa shi. Har kwanan nan kamfanoni da yawa a Faransa sukan nemi mai neman aiki ya rubuto takardarsa da hannu, su miƙa wa mai karanta rubutu ya ba su shawara.

Masu wannan sana'a suna da babi guda a kan layi mai kauri. Suna cewa wanda rubutunsa ya sha tawada, layinsa ya yi faɗi, cikin haruffansa ya cike, mutum ne mai son jin daɗin duniya, mai son abinci mai kyau da ƙamshi da launi da kiɗa, mai sakin jiki da mutane. Idan kaurin ya wuce kima har rubutun ya yi dabbare-dabbare, sai su ce alamar wanda sha'awa ta fi ƙarfinsa ce, ko mashayi, ko mai zafin hannu. Wanda layinsa siriri ne mai kaifi kuwa, sai su ce mai kamun kai ne, mai tsantseni, amma mai sanyin mu'amala.

Ba abin mamaki ba ne wannan magana ta shiga kunne. Mu kanmu muna cewa hali zanen dutse, muna kuma cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ɗan Adam yana son ya sami wata alama a waje da za ta gaya masa abin da ke ciki. Kuma gaskiya ne kowa da hannunsa, uwa takan gane rubutun ɗanta a cikin takardu ɗari. Amma gane wanda ya yi rubutu abu ɗaya ne, gane ko mai amana ne wani abu ne daban. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma an gwada.

A 1989 wasu masana biyu na Isra'ila, Efrat Neter da Gershon Ben-Shakhar, sun tattara bincike 17 da aka yi don a ga ko masu karanta rubutu suna iya hasashen yadda mutum zai riƙe aiki. Sakamakon ya nuna ba su fi wanda bai taɓa koyon sana'ar ba. Ɗan abin da suke dacewa da shi ma daga maganar da ke cikin takardar suke samunsa, domin sau da yawa tarihin rayuwarsa mutum yake rubutowa. Idan aka ba su rubutun da bai ƙunshi labarin marubucin ba, sai hasashen ya faɗi kusan babu. A 1992 wani mai bincike, Geoffrey Dean, ya duba bincike kusan 200 ya iso ga matsaya irin wannan.

To me ya sa wanda aka karanta wa rubutu yakan ce wallahi an faɗi halinsa daidai? Wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya amsa wannan a 1948. Ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda ya ce ga bayanin halinsa, ya nemi kowa ya ba bayanin maki daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Sai daga baya ya gaya musu takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma daga littafin masu duban taurari ya tsinto jimlolin. Idan aka ce maka kana son mutane su so ka, kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba, wani lokaci kana shakkar shawarar da ka yanke, wa zai ce ba shi ba ne?

Yanzu mu tambayi abin da yake kauraro layi a zahiri. Amsar tana nan a tsangayunmu. Ku dubi alaramma zai zauna rubutu. Zai zaɓo kara busasshe mai ƙwari, ya sa wuƙa ya fiƙe shi, ya tsaga bakin kaɗan don tawada ta sami hanya, sannan ya datse ƙarshen. A wannan datsewa ake yanke hukuncin kaurin layi. Ya bar bakin da faɗi, babbaƙu su fito ƙosassu. Ya rage faɗin, su fito sirara. Sannan ga tawadar kanta: idan ƙaro ya yi yawa sai ta yi danƙo ta zauna a kan takarda, idan ruwa ya yi yawa sai ta bazu. Alaramma guda yakan ajiye alƙalami mai faɗi na babbaƙu, da wani siriri na jar tawada don wasulla, ya yi amfani da su duka a shafi ɗaya.

Rubutun Alƙur'ani na ƙasar Hausa da Barno an san shi da kauri da cika ido. Wanda ya taɓa buɗe bugun Alƙur'ani na hannun marigayi Sharu Bala Gabari na Kano ya san abin da nake faɗa. Da za a bi ƙa'idar Michon da magadansa, da sai a ce waɗannan mahaddata, da suka ƙare rayuwarsu a kan buzu tsakanin tilawa da rubutu, mutane ne masu bin sha'awa. Kowa ya san ba haka ba ne. Kaurin ya zo ne daga yadda malami ya koya wa almajiri riƙe alƙalami, shi ma haka nasa malamin ya koya masa, kuma harafi mai kauri ya fi sauƙin karantawa a hasken wutar dare. Masani zai iya duban shafi ya ce wannan hannun Kano ne, wancan na Barno ne. Abin da layin ya gaya masa shi ne makarantar marubucin.

Haka abin yake a rubutun boko. Wanda ya rubuta da alƙalami mai shan tawada a kan takarda mai laushi, layinsa zai yi faɗi. A ba shi biro, wanda László Bíró ɗan Hangari ya yi wa rajista a 1938, sai layin ya koma siriri, alhali mutumin bai sauya ba. Ga yanayin riƙo, ga teburi ko cinya, ga sauri, ga gajiya, ga sanyin hunturu da ke sandarar da yatsu, ga wanda bahago ne aka tilasta masa rubutu da dama tun yana yaro.

Kada a fahimce ni da cewa rubutu ba ya ɗauke da labari ko kaɗan. Likitoci sun san cewa mai ciwon Parkinson rubutunsa yakan ƙanƙance yana tafiya yana raguwa, kuma rawar hannu takan bayyana a layi. Wannan maganar jijiya ce da tsoka, kuma asibiti ake kai ta. Akwai kuma ƙwararrun da kotu da banki suke kira su gwada sa hannu a kan takardar fili ko cek ko wasiyya. Su tambayarsu ɗaya ce, wa ya rubuta wannan? Suna duba inda alƙalami ya danna, inda ya tsaya, inda mai kwaikwayo ya yi jinkiri har tawada ta taru. Wannan aiki ne mai amfani.

Duk da haka, ko wannan aiki mai ƙa'ida ya taɓa jefa mutane cikin bala'i. A 1894 an yanke wa wani hafsan sojan Faransa, Alfred Dreyfus, hukuncin cin amanar ƙasa bisa wata takarda da aka ce rubutunsa ne, kuma Alphonse Bertillon na 'yan sandan Paris ya ba da shaida a kan haka. Aka kai shi kurkuku a wani tsibiri da ke gaɓar Amurka ta Kudu. Daga baya ta tabbata wani hafsa ne mai suna Esterhazy ya rubuta takardar, kuma sai a 1906 aka wanke Dreyfus. A 1983 mujallar Stern ta Jamus ta biya mak miliyan 9.3, kuɗin Jamus na wancan lokaci, don wasu littattafai da aka ce kundin sirrin Hitler ne. Masana rubutu sun amince da su, domin wasu daga cikin samfurin da aka ba su don gwadawa, ɗan jabun guda, Konrad Kujau, shi ya rubuta su. Gwajin takarda da tawada ne ya tona asirin, aka gano kayan bayan yaƙin duniya na biyu ne. Idan tambayar wa ya rubuta tana iya kayar da ƙwararru haka, ina ga tambayar wane irin mutum ne?

Abin da ya sa na damu da wannan batu shi ne ya fara shigo mana ta wayoyinmu. Za ka ga gajeren bidiyo ana cewa idan sa hannunka kaza ne kai mai girman kai ne, idan kana danna biro kai mai riƙo ne. Matasa suna tura wa juna, wasu da wasa, wasu kuma sun fara yarda. Daga nan ne mai shago zai ƙi ɗaukar yaro saboda rubutunsa ya yi dabbare, ko a sa wa budurwa shakku a kan manemi, ko malamin makaranta ya yi wa ɗalibi tambarin malalaci alhali yaron ido ne yake damunsa ko bai sami wanda ya nuna masa riƙon alƙalami ba. Addininmu ya gargaɗe mu a kan yawan zato, kuma zato a kan halin mutum bisa kaurin tawadarsa ba shi da madogara.

Magabata sun bar mana ma'auni mafi inganci. An ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani mutum a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko ya taɓa tafiya da shi, ko ya taɓa hulɗar kuɗi da shi. Da ya ce a'a, sai ya nuna masa cewa bai san mutumin ba ke nan. Zama tare, tafiya tare, da ciniki, a nan hali yake fitowa.

Saboda haka ga kirana. Idan kuka sami damar ganin zane mai kaurin fenti, ko tsohon Alƙur'ani na hannu a gidan malami, ku matsa kusa ku duba da kyau, ku yaba wa hannun da ya sha wahalar koyo. Masu ɗaukar ma'aikata, ku gwada mutum da aikin da za ku ba shi, ku tambayi waɗanda suka zauna da shi. Malamai da iyaye, idan rubutun yaro ya lalace, a duba idonsa da riƙonsa da alƙalaminsa, a gyara masa cikin haƙuri. Kada wani ya rasa aiki, ko aure, ko mutunci, saboda yadda tawada ta zauna a kan takardarsa.